Askin Karen Nasara

Ni Balaraba ba ni da haƙuri, kowa a unguwarmu ya sani, kuma ban taɓa roƙon kowa ya yi mini shaidar shi ba. Amma abin da anka yi ma ƙanena Lawali wanzami a wata bazara, shekaru kaɗan bayan Nasara sun ci Sakkwato, har gobe in na tuna sai na ji tuwo ya fita raina.

Tun da mijina ya rasu na komo gidan Lawali, can wajen Ƙofar Taramniya, ina kaɗi ina kai zare kasuwa. Ina kuma da wani hali da mutane ke kira taɓin hankali. In na ga ɗan kwikwiyo an yar a juji, ko kare da anka karya ma ƙafa, ba ni iya wucewa. Sai in kwaso shi in yi jinya a bayan ɗakina, in ya ji sauƙi in miƙa ma mafarauta ko Fulani, su da ke da aikin da kare zai yi musu. Babu wanda ke daɗewa hannuna. Lawali bai taɓa hana ni ba, don shi mutum ne da ko kaza ta shiga mishi kwano sai ya ba ta haƙuri kafin ya kore ta. Abin da ya roƙe ni kawai shi ne kada su riƙa leƙa zaure, inda yake ma mutane aski da ƙaho.

Bazarar wannan shekara ta zo da mugunta. Kafin hantsi ya dubi ludayi ƙasa ta ɗau wuta, iska in ta buso sai ka ce daga bakin murhu ta fito. Tsuntsaye na faɗowa daga itace baki buɗe. A irin wannan rana na isko taron maza a bayan rumfunan masu gishiri suna jifa suna dariya. Na kutsa na duba, sai ga wani kare kwance, irin da ban taɓa gani ba, gashi ja-ja-ja har ƙasa, kunnuwa a zube, harshe waje ya yi shuɗi. Ko ɗaga kai ba ya iya yi in dutse ya same shi.

Binta, wata Bafulatana da ke saida nono kusa da ni, ita ta ba ni labari. Karen wani Nasara ne na bariki, da shi ya zo daga ƙasarsu. Zazzaɓi ya kashe Nasaran, masu yi mishi aiki sunka rabe kayanai sunka koro karen. Kwana da kwanaki ke nan yana yawo cikin gari da wannan bargo a jiki, kowa na kora.

To, kun san wa ke gaba wajen jifa? Maccido mai tufafi, maƙwabcinmu. Wannan Maccido shi ke kai farin yadi bariki. Na sha ganinai da idona, in ya hango Nasara bisa doki tun daga nesa yake tuɓe takalmi ya zube ƙasa yana jinjina, ko an dube shi ko ba a dube shi ba. Yau ga shi ya zama jarumi, ya sami karen mamaci yana rama yaƙin Giginya, inda Nasara sunka ci Sakkwato. Na ce musu an bar jaki ana dukan taiki, in maza ne su ga hanyar bariki can, ba ta da ƙofa. Wasu sunka sulale. Maccido ya ce ai tsohuwar banza ba a biye mata, na ce gara tsohuwar banza da namijin hotiho.

Ni da Binta munka ɗora karen bisa tsohuwar tabarma munka kinkimo shi har gida. Na kwantar da shi ƙarƙashin rumfar da randunanmu suke, inda rairayi ke da danshi kullum. Ban sheƙa mishi ruwa gaba ɗaya ba, na san wannan kan kashe dabbar da rana ta buga. Tsumma na jiƙa ina goga mishi a tafin ƙafa da ciki da bayan kunne, ina ɗiga mishi ruwa a harshe kaɗan-kaɗan. Sai da la'asar ta yi sanyi ya ɗaga kai ya lashi kasko da kainai. Na sa mishi suna Bargo.

Ya rayu, amma zafi bai bar shi ba. Da rana ta take sai ya yi ta haki har haƙarƙari na rawa. Lawali kan tsaya ya dube shi ya girgiza kai. Ku sani, wajen wanzami cuta iri biyu ce a duniya, wadda ƙaho ke magani da wadda aska ke magani. Ya ce mini ko mutum ne ya tara suma irin wannan a bazara sai ciwon kai ya kama shi, ina ga dabba da ba ta iya cewa a rage mata. Ni ma na ga gaskiyatai. A garin nan wa ke barin gashi cikin zafi? Jinjiri ma aske shi ake. Na riƙe karen, Lawali ya jiƙa shi ya bi shi da aska tun daga wuya har bindi, tas, babu ko ƙwarzane. Gashin da munka share ya cika ƙwarya.

Garin neman gira munka rasa ido. Ashe fatar da ke ƙarƙashin gashin nan fara ce sol, irin ta ubangijinai, ba ta taɓa ganin rana ba. Washegari ya fita tsakar gida bai fi a sha fura a aje ludayi ba, kafin azahar bayanai ya yi jawur, da yamma ya tashi ƙuraje masu ruwa. Ashe gashin da muke ganin shi ke dafa shi, shi ke tare mishi rana. Haka na koma shafa mishi man shanu, na yanka tsohon zanena na rini na ɗaura mishi a baya, na ƙara zana a gefen rumfa don kada rana ta leƙo. Daga rannan bai sake taka waje ba sai in rana ta faɗi.

Wannan duk mai sauƙi ne. Babbar masifar ita ce lokacin da ake askin, Maccido ya shigo zaure wai a yi mishi ƙaho, bai iske kowa ba, ya leƙo cikin gida ba ko sallama. Ya ga aska a hannun Lawali, ya ga kare a cinyata. Kafin magariba labari ya kai Ƙofar Kware.

A nan sai na gaya muku matsayin Lawali. Shi ne wanzamin gidan Malam Abdulwahabu, babban gidan karatu na unguwarmu. Kakanmu ya aske kakan Malam, ubanmu ya aske ubanai, Lawali shi ya yi ma ɗiyan Malam maza kaciya duka. Duk wanda ke zama zaurenmu a yi mishi aski, don ya ji ana cewa wanzamin gidan Malam ne yake zama. In wannan gida ya sake shi, unguwa duka ta sake shi, kuma abin da kakanmu ya bari ya mutu a hannunai. Ga shi a makon nan matar babban ɗan Malam ta haihu, namiji, jika na fari. Lawali ake jira ya yi askin suna.

Mutane sunka fara janyewa ɗaya bayan ɗaya. Mai zuwa duk Alhamis ya aiko wai kainai na ciwo. Wani ya bi ta ƙofarmu da sabon aski yana kau da fuska. Maccido kuwa ya bi zaure-zaure yana tambaya, cikin muryar mai tsoron Allah, ko ya dace askar da ta bi bayan karen kafiri ta hau kan jikan malamai. Lawali ya ce a gaban jama'a ya wanke askar sau bakwai, ɗaya da ƙasa, kuma in ana so ya jefa ta gulbi ya ɗauko wata, ai ba ita kaɗai gare shi ba. Anka ce to hannun fa, shi ma gulbi za ya jefa shi?

Da na ga abin na neman wuce wuri, na yafa mayafi na tafi gidan Malam da kaina. Tsohuwa ce ni, babu mai hana ni zaure. Na durƙusa na gaishe shi, na ce Allah gafarta Malam, tambaya na zo yi, a gaya mini abin da littafi ya ce a kan askar da ta taɓa kare. Malam Abdulwahabu mutumin kirki ne, wannan shi ya fi ƙona mini rai. Bai ɓoye mini kome ba. Ya ce a mazhabarmu duk mai rai tsarkakakke ne, har kare, kuma ƙarfe in an wanke shi magana ta ƙare. Ya ce shayar da dabba mai ƙishirwa ma lada gare shi babba. Har albarka ya sa mini.

Na ce madalla, sai Malam ya faɗi haka bayan sallar azahar kowa ya ji.

Sai ya sunkuyar da kai yana jan tasbaha. Ya ce mata a cikin gida sun tada hankali, dangin mai jego sun aiko, kuma zamani ya lalace, ana lura da wanda ke jingina da Nasara da kayansu. Gidan karatu ba ya ɗaukar irin wannan magana.

"Littafi na tare da ku, Balaraba," in ji shi. "Bakin mutane ne ba ya tare da ku. A fitar da karen kafin ranar suna, kuma a fitar da shi da rana kowa ya gani, ni kuwa in ce magana ta wuce."

Na ce Allah gafarta Malam, karen nan ba ya da gashi, in ya yini waje gawa ne. Ya ce Allah shi ke rayawa. Na tashi ban yi sallama ba, kuma ban ji kunyar haka ba. Mutum ya san gaskiya, ya faɗe ta a ɗaki, sa'annan ya ce kai ka je ka biya kuɗin shirun da zai yi a waje.

Ba zama na yi ba. Na aika ma Illo, mijin Binta, ko zai karɓe shi ya kai ruga. Ya zo ya duba, ya ce yana so ƙwarai, kare mai ƙashi ne, amma a ruga babu inuwar da za ta ishi mai irin wannan fata, kuma shanu ba su jiran kowa. A bari ruwa ya sauka gashi ya tsiro, ranar zai zo da igiya da kainai. Mafarautan da na saba ba karnuka sunka yi ta dariya, wai su ba su farauta da ɗan tayi. Har bakin bariki na je, wani mai dafa ma Nasara abinci ya ce in rufa ma kaina asiri, sabon Nasaran da ya zo duk karen da ya gani da ƙuraje harbe shi yake. Hadari kuwa ko alama babu, sama fes kamar an share.

Na dawo na ce ma Lawali gidanai ne, sana'atai ce, ni baƙuwa ce a ciki. Ba zan fitar da karen da hannuna ba, amma in ya fitar ba zan tare ƙofa ba. Ƙarya nake, na san zan tsine ma unguwar nan har in mutu, amma dai haka na ce. Kwanakin nan abinci sai ya taɓa ya ture.

Ranar jajibirin suna, ana fitowa sallar azahar, Lawali ya shigo ya ɗauki igiyar akuya. Ya kwance ma Bargo zanen da ke bayanai ya ninke ya ba ni, ya ɗaura mishi igiya a wuya. Karen ya tashi yana kaɗa wannan bindi nai da ya koma kamar tsinke, yana tsammanin abin arziki ne. Na bi su har zaure.

A waje an taru. Maccido ya sanar da kowa, ga su jere a inuwar katangar gidanai, manya da rawunna, kowa ya lafe inda rana ba ta kai. Na ga duwatsu a hannun wasu. Tsakaninsu da ƙofarmu fili ne na rairayi, yana ƙyalli har ido ba ya iya dubanai.

Lawali ya fita, karen ya biyo shi. Taku kaɗan sai ya fara ɗaga ƙafa, ya ɗaga wagga ya aje, ya ɗaga waccan, yana wani kuka siriri. Ya juyo zai koma zaure igiya ta riƙe shi. Wani daga cikin inuwa ya yi dariya ya ce karen Nasara na rawa. Lawali ya tsaya. Na ga ya zare ƙafa ɗaya daga takalmi ya aza ta bisa rairayin. Bai iya barinta ba, nan da nan ya janye. Ya sake azawa, ya sake janyewa. Ya daɗe tsaye yana duban ƙasa, gumi na bin gemunai.

Maccido ya ɗaga murya ya ce a yi a gama mana, mutane na da abin yi.

Sai ƙanena, wanda bai taɓa musu da ko yaron goye ba, ya duƙa ya tallabi karen nan da hannu biyu ya rungume shi a ƙirji, bisa farar rigar da ya je masallaci da ita, man shanu da ruwan ƙuraje na shafar ta. Ya dubi jama'a ya ce, ba da ƙarfi ba:

"Ni na aske shi. In na sake shi cikin wagga rana ni na kashe shi."

Ya juyo ya shige gida. Ni na tsaya bakin zaure na yi musu abin da ya dace da su. Na kira Maccido da sunan uwatai, na tuna mishi ranar da dokin Nasara ya watsa mishi kashi a rawani ya ce na gode. Na ce masu duwatsu su matso su jefe ni, ni ce dai ba ni da ubangiji a bariki. Babu wanda ya fito daga inuwa, rana ta fi ƙarfin imaninsu. Da na shiga na iske Lawali ya maida karen ƙarƙashin rumfa, yana tsoma mishi tafin ƙafa cikin kasko ɗaya bayan ɗaya. Na ce mishi ya san abin da ya yi? Ya ce, "Na sani, Yaya."

Duk da haka washegari ya yi wanka tun da asuba, ya sa wata riga, ya zauna zaure da zabiratai a gefe, wato jakar kayan aski. Bai ce yana jiran kowa ba, ni ma ban tambaya ba. Daga inda muke muna jin hayaniyar gidan Malam, munka ji an yi fatiha, munka ji maroƙi ya ɗaga murya, munka ji guɗa. Duk wanda ya gitta ƙofa sai Lawali ya ɗaga kai. Rana ta hau, babu ɗan aike. Can anka ce an ga wani wanzami daga Ƙofar Rini ya shiga gidan da zabira a kafaɗa.

Wajen hantsi sai ga Tani, wata tsohuwa da ke aiki a gidan Malam, ta shigo ta ƙofar baya tana waige-waige, da ƙwarya rufe da faifai. Ta buɗe, nama ne na ragon suna, irin kason da ake fitar ma wanzami. Ta ce Malam ne ya ce a kawo, ya ce a gaida Lawali, kuma kada a gaya ma kowa.

Kada a gaya ma kowa! Na miƙa hannu zan fizge ƙwaryar in juye ma Bargo a gabanta, ta koma ta faɗi wanda ya ci. Lawali ya riƙe mini hannu. Ya ce naman sunan jinjiri ne, jinjiri bai yi ma kowa laifi ba. Ya maida faifan ya rufe, ya tura ƙwaryar gaban Tani.

"Ki ce ma Malam na gode. Kason wanda ya yi aski ne, a kai mishi."

Tani ta ɗauka ta juya. Har ta kai ƙofa ya kira ta. Ya tambaye ta ko baƙon wanzamin ya tallabe ƙeyar yaron da kyau, ko ya bi a hankali wajen maɗiga, don ɗiyan gidan nan maɗigarsu na da faɗi, haka uban yaron yake, haka kakanai. Na so ta ce an yanke shi, Allah ya gafarta mini, na so ta ce hannun mutumin rawa yake. Tani ba ta iya ƙarya ba. Ta ce askin ya yi kyau, ko kuka yaron bai yi ba, har Malam ya ce daga yau shi za a riƙa kira.

"Madalla," in ji Lawali. "Allah ya raya shi."

Da ta fita ya jawo zabira ya buɗe. Ya fiddo wata 'yar ƙaramar aska da ake ma jinjirai aski da ita, ta ubanmu ce, ashe tun ranar haihuwa yake wasa ta. Ya gwada kaifinta a gashin hannunai, ya naɗe ta cikin tsumma, ya tura ta can ƙarƙashin sauran kaya ya ɗaure bakin zabirar. Sa'annan ya tuɓe rigar fita ya ba ni, ya ce in aje mishi a ɗaki.